Lamba Talatin

A Jekadafari, gindin darbejiya,
Inda baƙin mai ya rine ƙasa da tafin hannu baki ɗaya,
Can na koyi kwance inji da ɗaura taya
Wurin Bappa Njidda, mai sifana goma sha ɗaya,
Wanda bai taɓa ba wa kowa aron ko guda ba.

Wata Laraba fulogi ya iso daga Ikko,
Naɗe a shafin mujalla, yagagge, duk maiƙo.
Na dunƙule zan jefar, Bappa ya ce, "Miƙo."
Hoton mota ne, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare,
Ba ƙofa, ba rufi, ba wurin ɗaura akuya.
Ya juya ta sama da ƙasa, bai gane ta ba.

Malam Yila ticha yana jiran Fijonsa,
Ya karɓa, ya goge tabarau da bakin rigarsa.
"Tsere ne," ya ce, "babba, can ƙasar Turawa,
An yi shi tun yaran nan ba su zo duniya ba.

Ashirin da shida suka tashi, zagaye saba'in.
Na ɗaya ya yi awa biyu da minti arba'in,
Na biyu na bayansa da daƙiƙa huɗu kacal,
Na uku..." Bappa ya yi hamma, ya kurɓi shayi.
"Bar na sama, Malam, an riga an tafa musu.
Karanta min waɗanda ba su kai ba."

Tara suka kai. Saura ga su a jere:
Sha huɗu, giya ta ƙi shiga.
Takwas, lagireto ya tafasa a zagaye na uku.
Biyu sun yi karo a kwana, sun fito da ƙafarsu.
Wani fetur ne ya ƙare masa, muka yi dariya,
Don mun san ba a Tashar Dukku kaɗai ake yi ba.

"Lamba talatin," in ji Malam, sai ya dakata.
"Shi ke gaba tun farko, saura zagaye ɗaya,
Noti ya kwance, tayar hagu ta yi nata wuri."
Bappa ya ajiye kofi a kan batir.
"Noti?" "Noti." Ya daɗe yana kallon yatsunsa.
"Akwai wani irina a can," ya ce a hankali,
"Da daren ranar bai runtsa ba.
Kuma duba, ba su ma rubuta sunansa ba."

Ya liƙa takardar a murfin akwatin ƙarfe.
Daga ranar ko mota ta gama, ko direba na huci,
Ko fasinjan Biu sun cika ta har kan birki,
Sai ya zagaya tayoyin da kansa, durƙushe,
Gwiwa na ƙara, yana taɓa kowane noti.
Su ce, "Bappa, rana na yi!" Ya ce, "Lamba talatin."
Ba su taɓa sanin abin da yake nufi ba.

Bara da azumi ya shiga gida da la'asar,
Ya bar wata tsohuwar Fijo a kan jak, taya uku.
Ya ce gobe. Ni na ɗaura ta huɗun ran sadakar uku,
Na ɗaure, na sake ɗaurewa,
Na koma na taɓa, hannuna bai yarda ba.

Takardar na nan. Mai ya cinye rabin sama,
Sunan gwarzon ya narke, kofinsa ya zama tabo.
Jiya sabon yarona, Gidado, ya leƙa ya ce,
"Oga, to wa ya ci?"
Na miƙa masa sifana mai lamba sha tara,
Na nuna masa tayar hagu da haɓa.
Na ce, "Je ka duba. Ni ban riƙe ba."